Ranar da Birkin Kekena Ya Tsinke

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigida da yara. Yaya garin Ƙaura, yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi. A hutun nan na bi 'yan ajinmu yawon keke cikin duwatsun Maroko. Mun shiga wani tsohon gari mai ganuwar jar ƙasa, mutanensa suka ba mu shayi mai na'a-na'a. Wajen gangarowa birkina ya tsinke. Hanyar siririya ce, ga rami a hagu, ba a ganin ƙarshensa. Na ji abokina Idris yana ihu, "Bashir, faɗa jikin dutse!" Na yi salati na faɗa. Keken ya tafi ramin shi kaɗai, ko ƙarar faɗuwarsa ban ji ba.

Hannun dama ne ya karye, an yi min ɗori. Amma har yau in na rufe ido, ramin nake gani.

Kada ki faɗa wa Inna tukuna, ki dai ce ta ƙara min addu'a. Ki gaida Kawu na Shinkafi.

Ƙaninki,
Bashir