Hamsin Ta Koma Tamanin

Litinin, 4 ga Agusta, 2025

Tamanin da ɗaya! Na goge fuskar wayar da bakin riga na sake dubawa, tamanin da ɗayan dai. Tun da na sayi mashin ɗin nan na ba Usaini, ƙanin matata Hajara, yake acaɓa da shi, manhajar da dillali ya sa min a waya ba ta taɓa nuna ya wuce mil hamsin a rana ba. Sharaɗi ɗaya na gindaya masa: Ajingi, Gaya, Gafasa da ƙauyukan kusa. Ban da Wudil, ban da hanyar Kano, inda babbar mota za ta markaɗe min shi. To ina ya samo talatin ɗin sama? Taswirar cikin manhajar kuwa ba ta taɓa buɗewa ba, da wannan mataccen netwok ɗin namu.

Laraba, 6 ga Agusta

Tamanin da uku. Usaini ya biyo ta shagona yana washe baki, wai "Tumbin Yaya, an tashi lafiya?" Haka yake ce min tun ranar ɗaurin aurena, ni kuma in ce masa Ƙafar Sauro. Wasan ƙanin mata ne, ban taɓa jin haushi ba. Yau kam ji na yi kamar in jefe shi da buhun taki.

Alhamis, 7 ga Agusta

Na tambaye shi. Ya rantse bai wuce Gaya ba, wai in duba mitar mashin. Mita! Wane ɗan acaɓa ne bai iya zare wayar mita ya mayar ba? Ni zai yi wa wayo, ni da na girme shi da shekara goma sha wani abu.

Hajara ta ce, "Malam, yaron nan fa ba ya ƙarya." Dama mana. Jini ɗaya.

Asabar, 9 ga Agusta

Na karɓe makullina. A tashar 'yan acaɓa, a gaban kowa, kuma ban yi da-na-sani ba. Na ɗaga wayar na nuna musu lambar da "mi" ɗinta a gefe, wato mil, na ce ga shaida, waya ba ta da ƙani ba ta da suruki. Wani ya ce in bari a je gida a yi magana, na ce amana ya ci, a fili za a faɗa. Usaini bai yi musu ba. Ya zare makullin, ya miƙo da hannu biyu, ya ce, "Ga shi, Malam Zunnuraini." Cikakken sunana, kamar mai karanta takardar sammaci. Wannan ma rainin hankali ne.

Talata, 12 ga Agusta

Tuwon Hajara ba gishiri, gida ba magana. Ta yi ta yi, ba ni zan fara ba.

Juma'a, 15 ga Agusta

Mashin yana zaure yana cin ƙura, sai na ce bari in kai wa Kawu maganin feshi gonarsa ta bayan Gafasa. Wannan hanya na san ta a manhajar, domin ranar da aka kawo mashin ita na fara bi, na kuma yi ta nuna wa mutane: mil goma daga ƙofar shago. Yau na isa, na zaro waya. Goma sha shida.

Na tsaya a bakin gonar ina kallon gero kamar shi zai ba ni amsa. Kawu ya ce lafiya? Na ce Kawu, ko an matsar da gonar nan ne? Ya ce tun zamanin kakanka a nan take.

Ban ci abincin rana ba.

Asabar, 16 ga Agusta

Na kira dillalin can Kano. Dariya ma yake, ɗan banza. Wai ai kowa kira yake. Manhajar ta sabunta kanta farkon wata, lissafinta ya koma kilomita, amma rubutun gefe ya maƙale a "mi". Wai mil hamsin ai shi ne kilomita tamanin, "ba ka yi firamare ba ne, Alhaji?" Na ce uwar firamare na yi. Mu nan mil da kilomita duk nisa ne, wanda ya zo baki shi ake faɗa. Wa ya aike su su auna min hanyar Gafasa da mudu biyu? Ya ce za su gyara. Na ce su gyara me, na kashe wayar.

Laifinsu ne. Su da manhajarsu. Shi ma Usaini da ya buɗe baki ya yi gardama kamar namiji, ai da an bincika.

Lahadi, 17 ga Agusta

Ban gaya wa Hajara ba. Ta gani a fuskata, ina jin. Yau akwai gishiri.

Laraba, 20 ga Agusta

Na wanke mashin, don dai laka ta yi masa yawa. Na bi ta tasha, don dai hanya ce. Usaini yana kan wani tsohon mashin mai hayaƙi na wani Mala, wanda ko akuya ba za ta yarda ta hau ba. Na tsaya a daidai inda na tsaya rannan, na ɗaga murya yadda na ɗaga rannan, na ce wayar ce ta yi ƙarya, ba shi ba. Na miƙa makulli.

Ya ce ya riga ya yi wa Mala alkawari sai bayan kaka. "Na gode, Malam Zunnuraini." Har da ɗan rusunawa.

Na ce, "Kai Ƙafar Sauro." Ya yi kamar bai ji ba, ya ɗauki fasinja ya tafi.

Na goge manhajar, dama ta cika min waya. Makullin yana rataye a ƙusar ƙofar shago, inda duk mai wucewa zai gani. Ba wai jira nake ba. Ɗazu wani yaro ya ƙwala wa abokinsa kira "Tumbi!" a bakin titi, sai da na fito har waje.