Jirgin Da Ya Hana Baba Ganin Ƙanensa

Zuwa ga Manajan kamfanin jirgin sama da ya sayar mana da tikitin Kaduna zuwa Gwambe,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina fata kai da iyalinka kuna lafiya. Sunana Rabi, malamar firamare ce ni a nan Tudun Wada, Zariya. Na je ofishinku, na bar saƙo, shiru, shi ya sa na fito fili.

Mahaifina tsohon kafinta ne, ciwon baya ya daɗe da hana shi doguwar tafiya a mota. Ɗan'uwa ɗaya ya rage masa a duniya, ƙanensa Baffa Idi, a Gwambe. Bayan sallar layya aka bugo waya cewa jikin Baffa ya yi tsanani, yana ta cigiyar yayansa. Na je wurin wakilinku a unguwar Kongo. Ya juyo mini da kwamfuta, ya nuna mini nisan da ke tsakanin filayen jirgin biyu, ya ce, "Malama, kafin Baba ya gama shan shayi kun sauka."

Ga kokena. Na farko, jirginku bai nufi Gwambe ba. Sai da muka zauna a ciki muka ji ana cewa Abuja za mu, daga can mu sake wani. Nisan da aka nuna mini gaskiya ne, amma ba hanyarmu ba ce, kuma wakilinku ya sani.

Na biyu, a Abuja aka yi ta ɗaga tashin jirgin. Muka yi azahar, muka yi la'asar. Kujerar ƙarfe ta gagari Baba, ya riƙa kai da komo yana dafa bango, duk wanda ya gani da rigar aiki sai ya tare shi ya tambaya. Ba wanda ya yi masa bayani da Hausa. Na roƙi keken marasa lafiya, aka ce ana zuwa. Daf da magariba aka ce sai gobe.

Ɗan ƙanwata Sani ya shiga motar haya ta Gwambe a tasha da asubar ranar da muka tashi. Shi ya riski Baffa da rai, ya ba shi ruwa, da shi aka yi jana'iza. Mu da muka bi ta sama, kabari aka nuna mana.

Na san ajali ba a hannunku yake ba. Amma da an faɗa mini gaskiya, da na shimfiɗa wa Baba katifa a bayan mota, mu tafi a hankali. Tun da muka dawo Baba ba ya zama wuri ɗaya. Ya shiga ɗaki, ya fito zaure, ya leƙa titi. In ƙananan jiragen masu koyon tuƙi sun wuce ta saman unguwa, sai ya tsaya da cin abinci har ƙararsu ta ɓace. Ni ma na kasa natsuwa a aji.

Ba kuɗi nake nema ba. Ina roƙo wakilanku su riƙa faɗa wa mutane tsawon tafiyar gaba ɗaya, da inda za a yada zango, da jiran da ke ciki, da harshen da suke ji. A kuma tanadi mai kula da tsofaffi in an samu jinkiri. Sannan ina so wani daga cikinku ya zo gidanmu, ya zauna gaban Baba, ya yi masa ta'aziyya.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare matafiyanku, ya sa ka riski naka duk ranar da suka kira ka.

Wassalam.

Rabi,
Tudun Wada, Zariya.