Motar Baba Tana Kan Bulo da Turmin Inna

Talata, 12 ga Agusta, 2025, ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe. Ina zaune a kan benci a ƙofar garejin gidanmu da ke Zurgu, ƙaramar hukumar Rano. Garejin a kulle yake, mukullin yana aljihuna.

Assalamu alaikum Malam Tajuddeen. Don Allah ka taimake ni da shawara cikin gaggawa, kuma ka sakaya sunana. Na jefa kaina cikin halin gaba kura baya siyaki.

Na karanta ilimin ƙididdiga a jami'a, na gama bautar ƙasa, yau wata biyar ina zaune a gida ba aiki. Ranar Alhamis da ta wuce mahaifina ya tafi Kano za a yi masa aikin yanar ido, zai dawo Juma'ar nan. Da zai tafi ya danƙa mini mukullin tsohuwar motarsa, ya ce ga amana. Ƙanwata Saudat ta zo goyon ciki gida, cikin fari ne, kuma a wurin awo an ce mata haihuwa wajen 20 ga wata, tare da gargaɗin lallai a asibiti za ta haihu saboda jininta yana hawa. Motar nan ita ce abin da za a kai ta Rano da shi. Mijinta Khalid yana Kibiya, ya kwantar da hankalinsa don Baba ya ce masa akwai mota a gida.

Rim ɗin tayoyin, wato ƙarafunan da robar take kai, duk sun yi tsatsa. Na ce bari in goge su in yi musu fenti, Baba ya dawo da sabon ido ya ga sabon abu, ya san zamana a gida ba na banza ba ne. Na je wajen Muntari mai faci a Rano, wanda muka yi firamare tare, na tambaye shi inda ake sayar da fentin feshi. Ya ce in kawo motar ya cire mini ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa ba sai ya wahala ba, na kalli yadda ake yi a waya har sau huɗu. Ya yi dariya a gaban mutanen da ke rumfarsa, ya ce to Injiniya, Allah ya ba da sa'a, in ta ƙi a kira jahilai. Maganar ta tsaya mini a rai.

Ranar Asabar na cire tayoyin guda huɗu gaba ɗaya, don fentin ya bushe lokaci guda. Jak ɗaya ne da mu, don haka in na ɗaga kusurwa sai in tara bulo biyu a ƙarƙashi in matsa gaba. Bulo shida na samu. Kusurwa ta huɗu, ta baya a gefen direba, sai na ɗauko turmin Inna na kife shi na ɗora. Na goge rim ɗin da samfefa, na rufe robar da jarida, na fesa ruwan azurfa. Gaskiya sun yi kyau.

Ƙasan garejin ba siminti ba ne. Ranar Lahadi bayan azahar aka yi ruwa na awa biyu da rabi, ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Da na buɗe, bulon gaba na gefen fasinja ya tsage, ya kuma nutse cikin laka. Motar ta karkata, ta danne jak ɗin da na bari a wurin, ya lanƙwashe. Na auna tazarar da ke tsakanin motar da bango: Lahadi santimita talatin da ɗaya, jiya ashirin da bakwai, yau ashirin da huɗu. Turmin ne kawai bai motsa ba.

Ni ne ɗan fari, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini faɗa kai tsaye. Kwana uku ke nan tana aron turmin maƙwabta. Jiya ina jinta tana ce wa Saudat ta tambayi wancan ko mota ma ta fara daka ne. Saudat ta yi dariya har tana riƙe mara. Na ce musu fenti ne bai bushe ba. Yau da safe ta ce bayanta yana ɗan ciwo.

Ba zan iya kiran Baba ba, idonsa a ɗaure yake, maganar za ta tayar da hankalinsa. Ina jin nauyin Khalid. Muntari kuwa, kafin la'asar duk kasuwa ta ji. Abin da nake tunani shi ne in kwanta in shiga ƙarƙashi daga baya, in haƙe ƙasar da ke gindin jak ɗin in zaro shi. Na ƙiyasta minti biyar zai ishe ni.

Ga abin da ban sani ba har yanzu:
Ban san ko jak ɗin zai sake ɗagawa ba.
Ban san kwana nawa sauran bulon za su yi ba.
Noti goma sha shida na zuba a kwano, yau goma sha biyar na ƙirga, ban san inda ɗayan yake ba.
Fenti ya shiga ramukan noti, ban san ko da illa ba.
Ban san ko ciwon bayan Saudat naƙuda ce ba.

Ɗan Fari, daga Zurgu

*

Wa alaikumus salam, Ɗan Fari. Wasiƙarka ba ta jiran ranar fitowar wannan fili, shi ya sa na aika maka da amsa ta waya tun ranar. Ina maimaita ta a nan don masu irin tunaninka.

Kada ka shiga ƙarƙashin motar nan. Ko hannu kada ka zura, ko da ka hango notin da ya ɓata. Motar da take matsawa kullum faɗuwa take yi a hankali, kuma ba ta san lissafin minti biyar ba. Ka bar garejin a kulle, kada kowa ya shiga.

Kafin mota, Saudat. Ka kira Khalid yanzu, ka gaya masa motar ba ta tashi, ya nemo wata ta kwana a ƙofar gidanku. Matarsa ce, haƙƙinsa ne ya sani. Mace mai hawan jini da ciwon baya a watan haihuwa ba a zama ana ƙiyasi a kanta, a kai ta a duba ta yau. Inna ma ka same ta ka faɗa mata gaskiya. Kunyar ɗan fari ta hana ta yi maka faɗa, ba ta hana ta ganewa ba.

Sannan ka hau babur ka je wajen Muntari da kanka. Zai yi maka tsiya, kai ka jawo wa kanka. Amma ka tuna shi ya fara cewa ka kawo ya taimake ka. Na tambayi bakanikena, ya ce aikin na mutum biyu ne ko uku masu babban jak da katako mai kauri, su tokare motar daga waje, su ɗaga kusurwa ɗaya su sa taya, sannan su matsa. Ya ce a kankare fentin da ke ramukan noti da bayan rim inda yake haɗuwa da ƙarfe, domin fenti yana sa noti ya kwance a hanya. A sayi noti sabo, kada a yi tafiya da uku. A duba ƙasan motar da bututun birki inda ta danne jak.

Nan gaba kuwa, ga ƙa'ida. A tsayar da mota a daɓe mai tauri da ya miƙe, a ja birkin hannu, a sa giya, a tokare tayoyin da ke ƙasa da weji. A sassauta noti tun taya tana ƙasa. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba, bulo kuma cikinsa rami ne, ba ya gargaɗi kafin ya fashe. A ɗora mota a kan ƙafafun ƙarfen da aka yi don haka. Taya ɗaya ake cirewa, a sa safaya a gurbinta, don mota ta kasance a shirye. In an mayar, a ɗaure noti ɗaya a tsallaka na gabansa, a ƙarasa ɗaurewa bayan an sauke, a sake dubawa bayan an ɗan yi tafiya.

Niyyarka mai kyau ce, kuma na san zafin zama a gida da takarda a hannu. Amma Baba ba ƙyallin rim ya ba ka amana ba, ƙanwarka ya ba ka. Ranar Juma'a ka gaya masa komai da bakinka kafin ya ji a rumfar mai faci. Zai fi yafe maka lanƙwasasshen jak a kan ɓoye-ɓoye.

Idan mota ta sauka a kan ƙafafunta, ka wanke turmin nan ka kai wa Inna da hannunka. Za a buƙace shi kwanan nan don dakan yajin mai jego. Ba za ta ce maka komai ba, kamar yadda ta saba, amma in ka ji ƙarar daka daga cikin gida, ka san magana ta wuce.

Allah ya sauki Saudat lafiya, ya ba Baba lafiyar ido, kai kuma ya buɗa maka hanyar aiki.

Malam Tajuddeen