Baƙin Bukar Sun Dawo

Zuwa ga ɗana Adamu a Jos,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aikin kuza, yaya iyali? Mu nan Potiskum lafiya lau, alhamdu lillahi.

Ka ce in sana'ar ɗanka Bukar ba ta kafu ba, in turo maka shi. To, kafuwar sana'a ita ce baƙon bara ya dawo bana. Fulanin da ya yi wa dillancin shanu bara sun iso jiya. Manyan dillalai suka tare su a hanyar Nangere, dattijon Fulanin ya ce, "Ku yi haƙuri, gidan Bukar za mu sauka." Har da maƙwabtansu suka taho. Don murna ni na shimfiɗa musu tabarma da kaina!

Ka bar mini jikana a nan. Ka sa shi a addu'a, ka gai da Hauwa da yara.

Mahaifinka,
Garba