Bugun Ƙofarka da Na Goge

Baban Falmata,

Sallama a gare ka inda kake kwance. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, babu motar da ke lodin unguwarku a tasha. Amma ka san halina, ko babu mai saye sai na yi talla.

Da farko dai godiya. Mazan wasu sun bar musu fili a unguwar Mairi, wasu keke napep, kai kuwa da ka fi su hangen nesa ka bar mini allon na'ura shuɗi wanda bai cika tafin hannuna ba, da 'yar fitila kamar ƙwayar dawa. Madalla da gado. Ko ranar rabo ba wanda ya yi jayayya da ni a kansa. Ƙaninka Modu ya jujjuya shi, ya ce ko hanjin rediyo ne, ya ajiye.

Ka ce ƙaramar ƙwaƙwalwa ce, in an rubuta umarni a kwamfuta aka loda mata, za ta riƙa kunna injin ban-ruwa a gonar Zabarmari da kanta, ba sai mutum ya bi hanyar nan kullum ba. Wata biyu kana fama da ita a kan tabarma bayan la'asar. Ranar da ka kira ni da murna, na bar kaskon turare a wuta na zo, sai na tarar duk abin da aka cimma shi ne fitila tana ƙiftawa. Ka tuna abin da na ce? Na ce jaririn maƙwabta ma yana ƙifta ido, kuma ba daga Legas aka yi odarsa ba.

To ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Na gane ƙiftawar nan take. Uku da sauri, a ɗan tsaya, sai ɗaya. Bugun ƙofarka ne, wanda muka shirya lokacin dokar hana fita, sa'ad da duk unguwarmu ta Fezzan in an taɓa ƙyaure ba mai buɗewa, don in san kai ne in buɗe ba tambaya. Ka tsura wa fuskata ido kana jira. Ni kuma goyon kasuwa ce, an koya mini in kaya sun burge ka kada ka nuna. Na taɓe baki na koma kan turarena. Da wa nake ciniki, Baban Falmata? Me nake so ka rage mini?

Allon bai kai ga injin ba. Ka ci gaba da bin hanyar, har ranar da ba ka dawo ba.

Labarin gida: Falmata ta fi ni tsawo, bakinta kuma nawa ne sak, sai addu'a. Modu ya haƙura da gonar, yana sayar da albasa. Kwamfutarka na sayar bayan na fita takaba, na kuma yi ta alfahari da yadda na matse mai sayen. Allon ne kawai na riƙe. In na taso kasuwa, Falmata tana islamiyya, sai in jona shi da fawa bank in ajiye a bayan ƙofa, in zauna ina tsinke zogale kana isowa. Shekara biyu haka. Bai taɓa makara ba, abin da kai ka kasa.

Sai kwaɗayi ya ja ni. Na ce ido ya gani, bari kunne ma ya ji. Akwai Malama Saratu, 'yar wajen Biu, tana koyar da kwamfuta a wata makaranta, a wurina take sayen humra. Na tambaye ta ko abin nan yana iya yin ƙara, ta ce akwai 'yar sifika kamar maɓallin riga da ake soka masa. Na ce mata Falmata ce ke sha'awa, ni zan koya in koya mata. Ƙaryar 'yan kasuwa, ba ta da nauyi a baki.

Ashe abin da ka yi wata biyu a kai layi huɗu ne ake maimaitawa: kunna, jira, kashe, jira. Shi jiran da lamba ake saye, dubu ɗaya daƙiƙa ɗaya. Na ce wannan wace irin tsada ce? In ka manta ɗigo da waƙafi a ƙarshen layi kuwa, sai kwamfutar ta cika maka fuska da jan rubutu kamar malamin da aka taka wa rawani. Na yi dariya, na ce ashe akwai wadda ta fi ni yi maka tsiwa a gidan nan.

Ranar Lahadi Saratu za ta coci, ta bar mini kwamfutarta da darasin farko a buɗe, ta nuna mini kibiyar da ake dannawa a loda. Ni a tunanina kamar waya ne, sabuwar waƙa ta shigo ta zauna kusa da tsohuwa. Na danna. Fitila ta soma: ɗaya, ɗaya, ɗaya, daidai wa daida kamar agogon asibiti. Na cire kebul na mayar. Na girgiza shi. Na hura masa iska kamar garwashi.

Da Saratu ta dawo ta ce umarni ɗaya allon yake riƙewa, sabo ya shiga tsoho ya fita. Ta ce da na gaya mata akwai abu a ciki, da ta nemi hanyar kwashe shi tukuna, kuma asalin rubutun yana kwamfutarka, waccan da na sayar. Ta tambaye ni me ya hana ni faɗa. Me zan ce mata? Mace da furfura ta fara leƙo mata tana zaman jiran fitila?

Yau sati uku ina rubuta ka da hannuna. Ukun farko na samu, ɗari da hamsin-hamsin, na buga ƙyauren da kaina Saratu tana auna mini. Tsayawar ce ta gagare ni. Na sa ɗari huɗu, ya fito kamar soja. Na sa ɗari takwas, kamar baƙo mai jin kunya. Ɗari shida ya yi kusa, amma wani ne mai kama da kai. Na tambayi Falmata, ta ce ita duk ɗaya take ji. Sifikar dai tana aiki, tana kuka kamar ɗan tsako.

Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka, ya yafe mini taɓe bakin nan. Abu ɗaya nake so in sani. Tsakanin bugu na uku da na huɗu, numfashi kake ja, ko kasa kunne kake yi ka ji ko na taso? Kuma wannan, a lissafin allonka, ɗari nawa ne?

Sai mun iso.

Taka, mai turaren da ba ta taɓa rage maka ba,
Maman Falmata