Daddawa a Cikin Abarbarka

Baban Sadiƙ,

Na wuce unguwar Vêdoko duba Anti Rabi, kana masallaci. Ka yi haƙuri, abarbar da ka yanka ka jera a injin busar da abinci ba za ta ciyu ba. Ni ce na sa daddawa a farantinsa na ƙasa, don damshin garin nan ya sa ta fara fumfuna. Yanzu duk abarbar warin daddawa take.

Amma da injin ya yi ɗumi, sai ɗakin ya koma tsakar gidanmu na Funtuwa, marigayiya Inna tana shanya a tabarma, tana korar kaji. Wallahi na kasa kashe shi.

Don Allah kada ka buɗe taga. Ina so in dawo in same ta.

Salamatu