Ɗumin Ɓauna da Ƙahon Kakanka

Zuwa ga ɗana Sanusi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina lafiyarka, ina gajiyar aiki? Yaya iyali, yaya baƙunta a Tanzaniya? Mu nan Sabon Birni lafiya lau muke, alhamdu lillahi.

Bidiyon farautar da ka raka baƙi ya iso, kuma na kalle shi sau uku. Wannan madubi da kake ɗaura wa bindiga, mai nuna ɗumin jikin dabba ko tana ɓoye cikin kurmi, abin a jinjina wa mai shi ne.

Ka san mahaifinka ya kafe ba zai ba ka ƙahon farautar kakanka ba, wai na'ura ta ɓata ka. Ban aiki kowa ba. Da kaina na hau babur har Turba, na ɗora masa wayar a hannu. Ya ga ɓauna fara fat cikin madubin, ya ga wani ɗan ɗumi laɓe bayanta, sannan ya ga ka hana baƙon halbi.

Sai ya ce, "Yaya, Baba da tafin hannu yake taɓa makwancin dabba, in ya ji ɗumin uwa da ɗa, sai ya juya gida. Yaron nan bai saki hanya ba."

Ya ba ni ƙahon in ba ka, yana ɗakina yanzu. Ba za ni ba kowa saƙonsa ba. Ka tako da ƙafarka ka amsa.

Ka sa mu cikin addu'a. Ka gaishe min da Hadiza da yara.

Gwaggonka,
Hajiya Rabi